Goran Ruwan da Baba Bai Sha Ba

Ranar wata Laraba ce, a ƙarshen ranin shekarar da ta rage biyu Turawa su bar ƙasar nan, na ga mahaifina ya durƙusa a gindin jigo. Shekarata tara. Isowata fadamar Dingyadi ke nan da goran ruwa a kaina, na hango guga ya kuɓuce masa ya koma rijiya, shi kuma ya dafe kwiɓinsa na dama yana ambaton Allah ƙasa-ƙasa. Baba mutum ne da ko kunama ta harbe shi ba a jin bakinsa. Ran nan sai da ya ciji hannun rigarsa.

Baba mutumin Kajiji ne. Da ya auri Inna, sai mahaifinta, Kaka Sanda, ya yankar masa gonar albasa jikin tasa, kunya ɗaya ce ta ƙasa ta raba su. Tun hantsi suke can, wannan yana jan jigo a nan, wancan yana jan nasa a can, ruwa yana bin 'yan hanyoyi yana shiga fangali-fangali, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ganyen albasa ya cika wuri. Ba sa hira, iyakarsu gaisuwa, Baba a tsugune, kansa a ƙasa. A wurinmu kuwa, balle ga mai jinin Fulani irin Baba, namiji ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa. Mutumin da ke yini yana shayar da albasa, shi ruwa ba ya wuce maƙogwaronsa daga asuba har magariba, sai kurkurar baki ta alwala.

Aikina ne kai masa ruwa idan rana ta take. Inna takan cika goran daga randar da ke ƙarƙashin itacen bedi, ta toshe bakinsa da totuwar masara, in ɗauka in bi ta bayan masussuka, wani lokaci in tsaya carafke da ƙawayena har in manta kaina. Da Kaka ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Ga amaryata nan da ruwa, amma ba nawa na ba!" Baba kuwa, da yake sunan mahaifiyarsa na ci, sai ya ce a hankali, "Uwata, aje nan, sai an jima." An jiman nan ba ta taɓa zuwa ba. Ranar farko da na mayar da goran cike, Inna ta yi mini faɗa, ta ce wasa na tsaya ban kai ba. Daga nan na samo dabara. Ina da ɗan fangalina na albasa takwas da Baba ya ba ni a gefen gona, sai in tuttule musu ruwan in koma gida da gora wayam. Albasata ta fi ta kowa girma a shekarar, har ina alfahari da ita.

Kwana biyu Baba yana murƙususu a ɗaki. An jiƙa saiwoyi, an kaɗa masa jar kanwa, liman ya yi rubutu, ciwon ya lafa ya dawo, yana sauka daga kwiɓi zuwa mara. Har na ji Inna tana raɗa wa maƙwabciyarmu cewa fitsarinsa ya fara haɗuwa da jini. Ran Juma'a da safe Kaka da kansa ya ɗora shi a jaki muka nufi asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya, da ke Bodinga, Inna a baya, ni ina riƙe da goran nan.

Malamin asibitin, wani dattijo mai farar riga, ya danna bayan Baba, ya duba fitsarin a kwalba, ya ce tsakuwa ce a ƙoda. Ya tambayi abin da yake ci. Inna ta ce tuwon gero da miyar sure, wato yakuwa, kusan kullum, da bandar nama, kuma ba ya jin miya sai an ƙara masa gishiri a gefe. "Ruwa fa, nawa shika sha?" Inna ta ce gora guda cur, kullum wayam yake dawowa. Baba ya sunkuyar da kai, ga surukinsa a tsaye. Malamin ya ce in haka ne abin ya fi ƙarfinsa, sai dai a wuce Sakkwato, wataƙila a yanka. Jin kalmar yanka, ban san sa'ad da na fashe da kuka ba. Na ce, "Bai sha! Albasata nika ba, don Kaka na nan!" Baba ya ja rawani ya rufe fuskarsa. Kaka ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce bari ya je ya duba jaki.

Aka ba Baba maganin rage zafi, aka ce ya yi ta shan ruwa da ɗan lemun tsami, ya rage gishiri da banda, ya bar kanwa, in mako ya cika bai ji sauƙi ba a tafi birni. A kwana na biyar Allah ya sa tsakuwar ta fita. Ba ta fi ƙwayar dawa ba, ruwan ƙasa, mai kaushi. Inna ta ɗaure ta a tsumma ta jefa a kwalla.

Babu wanda ya sake ɗaga maganar. Amma tun daga ranar da Baba ya koma gona, da zarar Kaka ya hango ni da gora sai ya jingine jigonsa ya ce, "Amarya, ni na tahi in ga tumaki." Sai ya wuce can bayan tsamiya, inda ko akuya babu, ya zauna ya ba mu baya. Ni kuma in tsaya a kan Baba har sai na ji goran ya yi ƙarar wofi. Shekara goma sha ɗaya Kaka yana zuwa ganin tumakin nan, har Allah ya karɓi ransa.

Sai da na shiga sakandare na fahimci abin. Ƙoda tace jini take yi, in ruwa ya yi ƙaranci gishirin jiki sai ya kwanta ya daskare, kamar yadda yake yi a gindin tukunyar da ta ƙone. Jikin wani kuma ya fi na wani saurin tara shi, don ƙanena ma ya yi ciwon da ya girma.

Yanzu inji ke ban ruwa a fadamar, jigo ya zama labari, tsamiyar ma an sare ta. Mijin 'yata yakan zo gaishe ni da robar ruwa a hannu, ya sha a gabana, ban kuma ga laifinsa ba. Duk da haka in na ajiye masa kofi, sai in ji ƙafata ta ja ni waje, in ce bari in duba tumaki. Jikokina su yi ta dariya, don ba ni da ko ɗaya. Allah ya jiƙan mutanen nan biyu, ya shayar da su ruwan Alkausara, kowa a inda ɗan'uwansa ba ya kallo.