Kaskon da na fasa a Jiratawa

A shekarar da Gulbi ya cika ya ci tsohon garin Maraɗi, ina da shekara goma ko kusa da haka. Har yau ina ganin hantsin ranar: ruwa ja wur ya shigo ta zaure, katangar gidanmu tana zubewa gaɓa-gaɓa, kaji sun hau kan rumbu, Baba kuma yana tsaye cikin ruwa har ƙugu ya ɗaga gafakarsa bisa kai. Bai ɗauki buhun gero ba, bai ɗauki tabarma ba, gafakar nan ya fara fitarwa, ni ma na rungume allona na bi shi. Da ruwa ya janye, kumandan Faransa mai mulkin garin ya ce ba wanda zai sake gini a kwari, kowa ya hau tudu, gardawansa, wato 'yan sandansa, kuma suka bi gida-gida suna kwasar maza don sharar hanyoyin sabon gari. Baba yana cikinsu. Inna ta ɗauki jaririnta ta tafi Tsibiri, inda muke zuwa sujada ranar Lahadi, ta raɓa a ɗakin wata 'yar'uwa cikin bangaskiya. Ɗakin bai iya ɗaukar mu duka ba, sai aka kai ni Jiratawa wurin mahaifiyar Baba, Kaka Gwamma.

Mutanen gidan Kaka Anna ne, suna bin iskokin da suka gada. Baba ya bar su tun yana saurayi, ya yi karatun allo a Tsibiri, daga baya ya karɓi Almasihu. Boko yana yi masa nauyi a ido, don haka duk abin da ya ji an karanta daga Littafi Mai Tsarki sai ya zauna da alƙalamin kara ya kwafe shi da ajami. Takardun nan ne a gafaka, kuma da su ya koya mini karatu. Kaka takan ce an ƙwace mata ɗa sau biyu, malamai suka fara, Nasara suka ƙarasa. Duk da haka ranar da ta gan ni da allo a hammata dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce ga Malama ta zo yi musu wa'azi. Sunana Rahila, amma ban taɓa jin ta faɗe shi ba. Malama na zama a gidan.

Kaka maginiyar tukwane ce, kamar mata da yawa na Jiratawa. Da safe mukan tafi rafi da 'yan matan gida mu ɗebo ruwa, mu dawo mu yi sussuka, da hantsi a tura mu gona korar tsuntsaye, muna kaɗa tsohuwar ƙwarya muna ihu har murya ta dushe. In mun samu sarari mu yi carabke da tsakuwa a gindin tsamiya, ko mu saci ɗan yumɓun Kaka mu gina 'yan tsana. Ni ce jikar da ta fi ja a jiki. A cinyarta take yi mini kitso tana zagin gashina, in ta dama hura sai ta ɓoye mini mai kauri a ƙasan ludayi. Akwai wani ƙaramin kasko da ta gina tun ranar da aka ce an haife ni, ta yi masa zane uku a baki, ta ajiye shi shekara goma tana jiran in zo in ci a ciki. Ba wanda yake taɓa shi sai ni.

Da aka gama girbi, Baffa Barmo, wan Baba kuma mai gidan, ya yanka wa Uwar Gona, ɗaya daga cikin iskokin gidan, jar akuya a bakin rumbu, ya zuba jinin a kan wani dutse yana kiran sunanta. Ina tsaye na gani da idona. Da yamma aka yi tuwo da naman, Kaka ta zaɓo hanta da tsoka mai kyau ta sa a kaskona, ta ajiye a gabana da fara'a. Wata biyu ke nan ban ga nama ba, yawuna har ya tsinke. Na tambaye ta ko na akuyar nan ne, ta ce na wace akuya kuma, in ci albarkar gida. Na ce ba zan ci ba. Matan gida suka yi dariya, Baffa ya ce a bar ni, yunwa za ta gyara mini karatu. Kaka ta matso ta tura mini kaskon, na tura mata, ta sake turowa tana cewa ubana ma da wannan naman ya girma. A nan zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na ce abincin aljannu ne, na sa ƙafa na ture kaskon. Ya bugi dutsen murhu ya rabu uku, hantar ta faɗa cikin toka.

Ba wanda ya doke ni, da ma an doke ni da ya fi sauƙi. Kaka ta tsugunna ta tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a bakin zanenta, ta shiga ɗaki. Daga ranar ta daina yi mini magana. Tuwona sai a zuba a murfin tukunya a ajiye mini a bakin ƙofa, kitsona ya tsufa ba mai tsefewa. Ni kuwa na ɗaure fuska, ina zama a inda kowa zai gan ni ina karanta allona da ƙarfi, ina ji a raina na zama kamar mutanen nan na Littafi da suka ƙi rusuna wa gunki. Amma in na ji ƙamshin man shanun da take shafawa ta wuce ba ta dube ni ba, sai in bar karatun in bi ta da kallo.

Bayan kwana goma sha wani abu Baba ya samu hutun yini ɗaya, ya tako da ƙafa daga Maraɗi, hannunsa duk kanta. Na tare shi da labarin ina jiran yabo. Sai da ya gai da Kaka tukuna, sa'an nan ya zauna a tsakar gida inda take dukan tukunya, ya buɗe gafaka ya ba ni wata takarda ya ce in karanta. Daga wasiƙar manzo Bulus ce zuwa ga mutanen Korinti. Na bi ta a hankali da yatsa. Abin da ke ciki shi ne naman da ake sayarwa a kasuwa mai bi ya ci ba sai ya bincika ba, in wanda ba mai bi ba ya kira shi cin abinci ya je ya ci, amma in an gaya masa wannan na hadaya ne to ya bari. Na ɗago kai ina murna. Baba ya ce in ci gaba, na karanta inda aka ce ko ci ko sha a yi don ɗaukakar Allah, kada a zama abin tuntuɓe ga kowa. Sai ya tambaye ni a wane layi na ga an ce a sa ƙafa.

"Naman da kika ƙi, ko gobe aka ba ki, ki ƙi," in ji shi. "Amma kasko bashi ne a kanki. Ba za ki bar Jiratawa ba sai kin biya kakarki da hannunki."

Kaka ba ta daina dukan tukunyarta ba, amma na lura ta rage sauti tun da na fara karatu.

Haka na yi rani a gidan. Ba ta koya mini da baki ba, kallo nake yi ina kwaikwayo. Na bi matan gida zuwa ramin yumɓu, na jiƙa, na tattake da ƙafa, na gauraya da ƙaiƙayi. Kaskona na fari ya tsage tun yana bushewa. Na biyu ya fashe a wuta ranar gashi, matan suka ce iska ce ta yi fushi, na ce musu ruwa ne bai gama fita ba. Na uku ya fito karkatacce, Kaka ta ɗaga ta ƙwanƙwasa da yatsa ta ba kaji su sha ruwa a ciki. A tsakanin nan sau biyu aka sake yanka a gidan, sau biyu na ce ba na ci, na ɗauki gayan tuwona na koma gefe, hannuna da ƙafata kuma na riƙe su. Baffa ya gaji ya daina tsokanata. Na huɗu na yi masa zane uku a baki, na shanya shi a inuwa kwana bakwai. Da aka kwashe toka ya fito ja, na ƙwanƙwasa na ji yana amsawa. Na durƙusa na ajiye shi a gabanta na ce ta yafe mini. Ta juya shi, ta shafa zanen da babban yatsa, ta kai shi ɗaki.

Ranar kasuwar Maraɗi ta ɗora tukwanenta a kai tun da sassafe. Da ta dawo ta dafa abinci da kanta, ta fito da sabon kaskon cike da tuwo da tsoka biyu a kai, ta dangwarar a gabana.

"Wannan na mahauci ne, Malama, a kasuwa na saye," ta ce. "Ba na Uwar Gona ba ne. Ko shi ma takardar ubanki ta hana?"

Na ce ba ta hana ba. Na rufe ido na yi addu'a da sunan Yesu a fili, ta jira har na gama tana gunaguni cewa tuwo yana hucewa, sa'an nan ta wanke hannu ta sa a cikin kaskon tare da ni. Muna ci ta ce gindin kaskon ya yi kauri, amma ta karɓa.

Kaka ta rasu tana bin abin da ta gada, ni kuma na tsufa ina bin Almasihu. Yanzu jikokina a unguwar Zariya ta Maraɗi da kwanon roba suke ci, in ya fashe a jefar, kuma ba su taɓa jin yunwar nama suka ƙi shi ba. In suka zo suna tambayata ko ya halatta su ci naman suna ko na salla a gidan maƙwabta, nakan ciro takardar nan ta ajami, wadda tawadarta ta koɗe, in karanta musu har ƙarshen layi. Na koyi cewa a'a a yini ɗaya, amma sai da na yi rani guda kafin in iya faɗinta ba tare da na fasa kome ba.