Inna Hajjo Mai Raƙumin Dawo

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwarmu ta wajen Ƙofar Dundaye ya san cewa liman na sallame sallar asuba, abu na gaba da kunne zai ji shi ne taɓaryar Inna Hajjo. Kafin rana ta hau katanga ta surfa gero, ta daka, ta cura, ta dafa, ta kirɓa, ga dawo mai ɗumi cike da ƙwarya. In wata mace ce, a nan aikin ya ƙare, sai a dama fura a sha. Ita kuwa a nan nata yake farawa.

Da hantsi za ka ga ƙananan yara suna shigowa gidanta, wani a goye, wani yana tatata. Sai sun bi ta gaban tulu an wanke musu hannu. "Hannun da bai ga ruwa ba, ba shi taɓa raƙumina," haka take faɗa kullum. Sannan ta shimfiɗa tabarma a inuwar ceɗiya, ta gutsura wa kowa curinsa, ita ma ta ɗauki nata. Tana hira tana murzawa, kafin ka ƙifta ido curin ya yi wuya, ya yi tozo, ya tsaya da ƙafa huɗu a kan faifai. Ƙwayar riɗi biyu ta zama idanu. In tana son raƙumi rawaya ta birgima shi a garin ɗorawa, in ja take so ta shafa masa ruwan zoɓo. Akwai kada mai haƙoran soyayyar gyaɗa, akwai zabuwa mai ɗigo-ɗigon riɗi, akwai zobban ƙuli-ƙuli da yaro zai zura a yatsunsa goma ya yi ta taƙama kafin ya cinye su ɗaya bayan ɗaya. Da Salla kuma takan gina rumbu na nakiya, har da ɗan murfinsa. Dokar gidan guda ce: abin da ka gina, kai za ka ci. Wanda ya gina jaki mai ƙafa uku haka zai ci abinsa ana yi masa dariya.

'Yar manoman shinkafa ce daga Kwalkwalawa, aure ya kawo ta birni. Mijinta ya rasu da daɗewa, Allah kuma bai bar mata ɗa ko guda a raye ba. Amma ban san gidan da ya fi nata hayaniyar yara a Sakkwato ba. A al'adarmu, in za a yaye yaro sai a kai shi wajen kakarsa ya yi kwanaki har ya manta da nono. Wanda kakarsa ta rasu ko take nesa, gidan Inna Hajjo ake kai shi. Ta fi shekara talatin tana wannan aiki, ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya taɓa tsayawa a bainar jama'a ya ce mata sannu.

Jummai mai kitso ta ba ni labarin ranar da Nasara suka shigo garin nan, shekara goma sha bakwai ke nan. Mata da yara sun fita bayan gari sun ɓuya cikin kurmi, yara na ta tsala kuka, iyaye sun rasa yadda za su yi. Ta ce sai Inna ta kwance ƙullin gumba daga bakin zanenta, ta zauna a ƙasa ta fara gina tumaki. "Wallahi Malam," in ji Jummai, "ɗiya sunka yi tsit, ka ce ruwa ya ci su. Mu manya ma ita muka kallo." Maƙwabcina Maigandi mahauci kuma ya tuna mini shekarar yunwa. Ya ce curin da bai kai ƙwan kaza ba takan raba shi gida goma, ta jera wa yaro 'yan awaki goma a faifai. Yaron da zai yi kuka in an miƙa masa ɗan curi guda, sai ka gan shi yana ƙirga garkensa yana ci a hankali, har ya tashi yana shafa ciki.

To, yanzu bari in tona wa kaina asiri, don ba zan yabe ta da gaskiya ba sai na faɗi laifina.

Ni Siddiƙu, malami ne ɗan malami, kuma a lokacin ina jin karatu yana yi mini yawo a ka. Wata rana na ga ɗan Maigandi riƙe da raƙumin dawo, na tsuke fuska. Da la'asar a zaure na yi dogon bayani a kan surar abu mai rai, na ce tsohuwar nan ta ji tsoron Allah ta bar koya wa yara gina gumaka. Na aiki Maigandi ya gaya mata. Ya dawo yana danne dariya. "Ta ce a gaishe da Malam da kyau. Ta ce a hwaɗa mishi gumakanta ba su kai azahar, ciki suka kwana." Ban yi dariya ba. Na shiga gida na kafa doka: ba ɗana da zai taka gidan nan.

Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba. Bayan damina biyu lokacin yaye 'yata Atika ya zo, kuma ya zo da gaggawa, don uwarta Sadiyatu ta samu ciki, ba halin a bar yarinya a nono. Mahaifiyata ta rasu, surukata tana can Gwandu, ga damina ta yi tsakiya, hanya ba ta biyuwa. Na ce a yaye ta a gida, me zai gagara? Na yi rubutu na wanke, aka ba ta.

Atika ta rufe baki. Kunu ta ƙi, fura ta ƙi, tuwo ko kallonsa ba ta yi. In an matsa mata ta ture da hannu, in an ɗura mata ta mayar. Kwana uku ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. A rana ta huɗu kukan ma ya ƙare, sai ta kwanta tana bin mutum da ido, idanun sun faɗa. Ni kuwa na san wannan kallo. Wanta, ɗana na fari, haka ya yi bayan yaye, kuma da hannuna na sa shi a ƙasa. Tsoron da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Sadiyatu ba mai jayayya ba ce, amma da safen nan ta tsaya a bakin ɗaki ta ce, "Malam, kai ka da sani, ni ban da shi. Amma ɗiyag ga tahiya za ta yi muna kallo. Ka yi ma Allah ka kai ta gidan Inna Hajjo."

Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Na saɓa yarinya a kafaɗa, na bi ta gaban rumfar Maigandi ina sunkuyar da kai. Allah ya saka masa, ya yi kamar yana wasa wuƙa bai gan ni ba.

Na yi sallama a zaure ina shirin jin baƙar magana, don na cancance ta. Ba ta yi mini ko guda ba. "Shigo, Malam, ba kowa ciki sai tsohuwa da jikokinta. Zamna nan. Kwana nawa ta yi ba ta ci ba?" Na ce huɗu. Ta dubi yarinyar, ta taɓa mata wuya, ta ce, "Aje ta bisa cinyarka. Kuma kak ka ce mata ci. Kun hwaɗa mata har ta gaji."

Daga nan ta juya mana rabin baya, kamar ta manta da mu. Ta ɗauki dawo mai laushi, ta zuba masa ɗan zuma, ta fara murzawa tana yi wa curin faɗa. "Kai raƙumin ga, ka cika ƙiwa. Tun Agadas kaka tahiya, yanzu ka ce ba ka da wuya? Tsaya in ja maka shi." Sauran yara suka fashe da dariya. Na ji kan Atika ya motsa a ƙirjina. Inna ba ta waiwayo ba, ta dai tura wani ɗan curi kusa da ƙafar yarinyar, kamar faɗuwa ya yi. An jima Atika ta miƙa hannu ta damƙe shi. Dawo ya fito ta tsakanin yatsu, ya manne. Ta duba hannun, ta yi ƙoƙarin gogewa a rigata, ya ƙi fita. Sai ta kai yatsa baki.

Na buɗe baki zan yi hamdala, Inna ta harare ni ta gefen ido, na haɗiye.

Da raƙumi ya kammala, ya sha garin ɗorawa ya yi rawaya, ta tako da shi a kan tabarma ƙafa-ƙafa har gaban Atika. "Wanga baƙo ya gaji, masauki shika biɗa. Wa ka buɗe mishi ƙohwar gari?" Yara suka wangale baki gaba ɗaya, kowa na son a sauka a garinsa. Atika ta fizge raƙumin da hannu biyu. Ta dube shi, ta dube ni. Sai ta ɗaga shi ta dangwara mini a leɓe.

"Baba," ta ce.

Jama'a, ku dubi halin da na shiga. Ga abin da na yi wa'azi a kansa a zaure, an kawo mini shi har baki, ga yara wajen goma sun zuba mini ido. Inna ta ce a hankali, "Malam, in ba ka ci ba, ba ta ci." Ban ƙara tunani ba. Na yi bisimilla na gatsa kan raƙumi, da idanun riɗinsa da komai, na tauna, rawaya ta ɓata mini gemu. Atika ta ƙyalƙyale da dariya, ta farko a kwana huɗu. Ta duba abin da ya rage, ta kai tozon bakinta ta ci. Ta ci ƙafa, ta ci wata ƙafar. Hawaye suka zubo mini a gaban yara, ban ma ɓoye ba.

Inna ta tafa hannu. "To, madalla! Ubana ya ce surar da ba kai gare ta ba sura ba ta. Ga shi Malam da kainai ya cire kai, magana ta ƙare." Ashe tsohuwa ta san mas'alar tun ban san alif ba, kawaici kawai ta yi mini. Daga baya na kai maganar gaban malamina, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce in koma in sake duba sauƙin da magabata suka yi game da abin wasan yara. Atika ta yi kwana tara a gidan, ta dawo da kumatu. Ni kuma na samu muƙamin da ban nema ba: har yau yaran unguwa ba sa cin raƙumi in ina kusa sai sun kawo mini kan.

Inna Hajjo, ke ce kakar marasa kaka. Ke ce kika san cewa cikin yaro ba ya buɗewa da tsawa. Kin karɓi ɗiyar mutumin da ya kushe ki, ba ki tambaye shi ina wa'azinsa ba. Akwai samari masu gemu a garin nan, wasu maɗinka, wasu majema, wasu suna karantarwa, da ba don Allah ba don ke ba da ba a san su ba, kuma yawancinsu ba su ma san haka ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yatsun nan sun gaji. Sanyin ƙashi ya kama su, ba sa iya lanƙwasa wuyan raƙumi. Ɗan ƙanenta Tukur ya zo daga Kwalkwalawa, ya ce da an gama yankan shinkafa zai tafi da ita ta huta. Ita kuwa tun da ta ji za ta bar yaranta, abinci ya fita ranta. Jummai ta kai mata kunu ta ce ta ƙoshi, Sadiyatu ta aika da tuwo ya dawo yadda ya tafi.

Shekaranjiya da hantsi na je gaishe ta tare da Atika, wadda yanzu shekararta bakwai. Muka tarar da ita zaune a inuwar ceɗiya ta rame, ƙwaryar dawon da aka kawo mata tana gefe ba a taɓa ba. Ina cikin lallashinta da nasiha, irin tamu ta malamai, ban lura Atika ta je gaban tulu ta wanke hannu ba. Ta zauna ta juya mana rabin baya. Sai muka ji tana cewa, "Kai raƙumin ga, ka cika ƙiwa." Ta gina wani abu mai karkataccen wuya da tozo a gefe, ta tako da shi ƙafa-ƙafa har gaban tsohuwa. "Inna, baƙo ya gaji. Buɗe mishi ƙohwar gari."

Inna ta daɗe tana duban raƙumin. Ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Wanga raƙumi da gani ya sha hanya. Miƙa ma babanki kan ya ci tukuna."

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya sassauta miki ciwon yatsu, ya sa ki ga yaye da auren waɗanda kika yaye. Ku kuma iyaye mata da kakanni, kafin a gama yankan shinkafa ku je ku zauna a tabarmar nan ku koya, dawo da riɗi da haƙuri kawai aikin yake ci. Ku maza 'yan'uwana, in ɗanku ya miƙo muku raƙumi, kada ku tsaya dogon bayani kamar wani da na sani.

Ni dai a ranar na ci kan, ita kuma ta cinye saura, har ta ce a gina mata wani.