Sun Kashe wa Mijina Madubi

Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Wai mijina ne gigin tsufa ya kama! Mutumin da ya tuƙa tirela tun ina amarya har na yi furfura, bai taɓa take ko kazar wani ba, shi ne ɗan cikinsa ya zauna a falona, a kan kujerata, yana shan shayina, yana cewa ƙwaƙwalwar Baba ta tafi.

A gareji Sannu-Sannu suke ce masa, kuma sunan ya bi shi har gida. Sauran direbobi da sun tada mota sai ka ga ƙurarsu. Shi kuwa sai ya zagaye tirelar, ya bubbuga tayoyi, ya zaro wani tsumma daga aljihu ya goge madubin dama, ya zagayo ya goge na hagu. Ya hau, ya gyara su, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya sa sigina ya motsa. Ni nake wanke tsumman nan, amma ban isa in goge komai da shi ba. Ranar da na sauke tukunya da shi, wuni guda bai yi mini magana ba.

Abu ɗaya na riƙe shi da shi duk zamanmu. In zai yi tafiya, nakan raka shi ƙofar gida, wani lokaci da goyo, wani lokaci da ciki, in tsaya ina ɗaga hannu kamar wata sakara. Bawan Allahn nan bai taɓa juyowa ba. Mazan mutane su leƙo ta taga, su danna hon, shi ko oho. Na yi mita har na gaji. In na yi, sai ya yi murmushi ya ci gaba da cin abincinsa, don shi dama magana tsada take masa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya sa ya tashi, amma hannun hagu ya yi nauyi, harshe ma ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Kamfani ya karɓi motarsa. Ya koma zaman taga, daga safe har yamma yana kallon titi. Likita ya ce a samo masa abin da zai riƙa motsa hannu da tunani. Autarmu, malamar makaranta ce, ita ta zo da labarin wani wasan kwamfuta na tuƙin manyan motoci. Ta ce ana haɗa shi da sitiyari na gaske da birki da totur, ga titi, ga ruwan sama, ga kaya a ɗauka a kai wani gari. Da ta nuna masa a waya, na ga idonsa ya yi wani haske da rabona da shi tun kafin ciwon.

Nan fa babban ɗana ya ce, “Ku bar mini wannan.” Manaja muke ce masa tun yana ɗan firamare, don tun a lokacin ya iya ba da umarni. Yana da kirki, ba zan yi masa ƙarya ba, amma in zai yi alheri sai unguwa ta sani.

Ranar da aka kawo kayan, maƙwabta har leƙowa suka yi. Akwatin kwamfutar na gilashi ne, cikinsa fitilu ja da kore da shuɗi suna ta juyawa, fankoki suna walƙiya kamar shagon aski. Allon kuwa ya kusa faɗin ƙofa, a lanƙwashe. Ga wata kujerar fata mai jan baki da aka ce ta masu tsere ce. Aka ɗora mijina a kai, aka sa masa hannu a sitiyari, Manaja ya tsaya a bayansa aka yi ta ɗaukar hoto. Kafin shayi ya huce dangi na nesa sun gani, suna ta sa masa albarka.

Aka kunna wasan. Ga shi cikin kan mota, a bakin titi, inji yana ruri. Muka zuba masa ido. Mijina ya dubi gefen dama na allon, ya dubi gefen hagu, sai ya sauke hannunsa ya ɗora a cinya.

“Baba, taka mana! Ga totur nan a ƙafarka,” in ji Manaja.

Bai taka ba. Washegari ma haka, jibi ma haka. Zai zauna, a tada masa mota, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya nuna kusurwar allo da yatsa yana wani gurnani, sannan ya sauke hannu. Auta ta roƙe shi har da hawaye. Manaja ya zauna ya gwada masa, ya fizgi motar ya bi ta kan fitilar titi ya afka wa wata bas, yana dariya. Mijina ya rufe ido.

Bayan 'yan makonni aka kira taro a falona. Manaja ya gyara murya ya ce, “Mama, sai mun yi haƙuri. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan sitiyari, yau an ba shi ya kasa gane ko totur. Ciwon nan ya taɓa kai.” Ya ce ƙarshen wata zai ɗauke shi zuwa gidansa, akwai ɗaki a sama, za a ɗauko mai jinya. Gidan nan a sa 'yan haya. Ni kuma in koma wurin Auta, wai in huta.

Na ce, “In huta da wa? Na ce muku na gaji ne?”

“Mama, ba a son ranmu ba ne.”

Duk wannan a gaban mutumin ake yi, yana zaune yana ji, ana maganarsa kamar tsohon firji. Wallahi da ba ni na haifi yaron nan ba, da na watsa masa shayin.

Ana saura kwanaki kaɗan wata ya ƙare, da safe ina goge ƙurar allon nan, wasan yana kunne, sai ya kama wuyan hannuna. Ya ja hannun da tsumman zuwa kusurwar hagu, ya dirza, ya dirza. Ya kai shi dama, ya dirza. Na sa tabarau na duba da kyau. A kowane gefe ga siffar madubin mota nan, amma cikinsa toka-toka ne, babu titi, babu mota, babu komai. Na dube shi na ce, “Malam, madubi?” Ya saki hannuna, ya sauke wata ajiyar zuciya, hawaye ya gangaro masa. Makonni yana nuna mana, mu muna cewa ya ruɗe.

Ban ko wanke hannu ba na yafa mayafi. Sunan shagon da aka sayo kwamfutar yana jikin kwalinta, na nemi mai tasi ya kai ni. Wani ɗan lungu ne a bayan masu sayar da waya, ko'ina wayoyi da matattun kwamfutoci, ga warin dalma. Mai shagon dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ban gaishe shi ba, Allah ya yafe mini. Na ce, “Kai ne ka sayar wa ɗana mota ba madubi?”

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, “Mama, zauna. Kwamfutar mai fitilu ko? Na san za a dawo.”

Ya ɗauko wani abu mai kamar bulo, da fankoki a jikinsa, ya ɗora a tebur. Ya ce sunansa katin hoto, shi ne mai zana duk abin da ido ke gani a allo, kuma a irin wannan wasan shi ne ke ɗaukar dakon. Titi, bishiyoyi, inuwa, ruwan sama, duk shi zai zana, ya goge, ya sake zanawa, ba tsayawa. Ya ce, “Madubi kuma, Mama, ba hoto ne aka manna ba. Kowane madubi sai katin ya sake zana wani titin daban, na baya. Madubi biyu, aiki ya zama uku. Ga shi an ɗauki ƙaton allo, shi kuma allo in ya ƙara girma aikin ƙaruwa yake.”

“To me ya sa ba ka sa mai ƙarfin ba?”

“Na faɗa wa ɗanki. Na ce a rage ado, a ɗauki allo madaidaici, a sa kati mai ƙarfi. Ya ce shi kati a ciki yake, wa zai gan shi? Muka sa ƙarami. Da muka gwada, hoton ya riƙa tsinkewa, mota ta yi gaba ta tsaya, ta yi gaba ta tsaya. Na ce ko dai a canza kati, ko a kashe wasu abubuwa. Ya ce in kashe inuwa da ruwan sama. Bai isa ba. Na ce saura madubi. Ya ce, kashe, wa zai biyo shi a baya?”

Wa zai biyo shi a baya! Na maimaita maganar nan har mai shagon ya miƙo mini ruwa. Ɗan direba, wanda da madubin nan aka ciyar da shi, aka biya masa makaranta har ya zama abin da ya zama!

Na ce, “Me za a yi yanzu?” Ya ce katin da zai ɗauki madubi yana da cin wuta, sai an canza abin da ke raba wuta a cikin akwatin, in ba haka ba ana tsakiyar tafiya za ta ɗauke. Ya ce ƙwaƙwalwar kwamfutar lafiyarta ƙalau, har ta fi ƙarfin aikin, a bar ta. Na ce ya zo ya kwashe akwatin gilashin da fitilunsa, da ƙaton allon, da kujerar 'yan tsere, wadda dama ciwon baya take sa wa mijina, ya ba ni kati mai ƙarfin a madadinsu. Ya ce, “Mama, ba za ta yi kyan gani ba fa.” Na ce, “Aure zan kai ta?”

Ya zo da kansa ya haɗa. Akwatin da ya kawo baƙi ne, tsoho, duk ƙarzuwa, katin ma bai shiga sosai ba sai da aka bar murfin gefe a buɗe. Allon bai kai rabin na da ba. Kujera kuwa ta teburin cin abinci na jawo, na sa matashi. Ana gama ɗaure waya ta ƙarshe sai ga Manaja da Auta, sun zo da akwatunan da za a zuba kayan Baba.

Manaja ya tsaya a bakin ƙofa. “Mama! Ina kwamfutar da na saya? Wane ne wannan? Wannan tarkacen fa?”

Na ce, “Rufe mini baki ka zauna.” Rabon da in faɗa masa haka tun yana da gajeren wando, shi ya sa ya zauna.

Aka tada mota. Madubin hagu ya cika da titi, na dama ma haka, har da wata farar mota tana tahowa daga nesa. Mijina ya gyara zama. Ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba, na gane, na sa masa tsummansa. Ya goge kusurwar dama, ya goge ta hagu. Ya ɗago hannun nan mai nauyi da kyar, ya ɗora shi a sitiyari, ya sa sigina.

“To Baba, taka mana,” in ji Manaja.

“Mota,” in ji mijina. Kalma ɗaya, amma ta fito sarai.

Farar motar ta zo ta wuce. Ya sake dubawa, sannan ya taka a hankali, tirelar ta hau titi kamar ana zuba mai. Ya kai kayan har inda aka ce, ya juya, ya yi ribas da doguwar motar nan ya shigar da ita tsakanin wasu biyu, bai goga ko fenti ba. Auta tana kuka tana dariya. Shi kuwa Manaja, ko kunya, ya zaro waya yana ɗauka yana cewa, “Kun gani? Dama na san wasan nan zai taimake shi.” Har yau dangi shi suke sa wa albarka, ni kuma in na ji sai in tashi in shiga kicin. Akwatunan dai a wofi suka koma, kuma ba wanda ya sake yi mini zancen 'yan haya.

Da suka watse a ranar, na tsaya a bayan mijina ina ta sababi ni kaɗai, ina kwashe kofuna. Ya ɗauki sabon kaya a wasan zai bar gari, ya sa sigina, sai ya tsaya. Ya kama zanina ya jawo ni. Ya sa yatsa a madubin hagu, inda ƙofar garejin take ƙanƙancewa a baya.

“Nan,” ya ce. Ya yi ta kokawa da harshensa, ni kuma na jira. “Kullum... kina nan. Da goyo. Har in sha kwana.”

Na ajiye kofunan don kar su zube. Na ce, “Shekara da shekaru ina ɗaga hannu kamar mahaukaciya, ba ka iya buɗe baki ka faɗa mini ba sai yau?” Ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi, ya bubbuga kujerar da ke gefensa. Na jawo ta na zauna, ya duba madubi, muka tafi.