Ranar Da Iya Tabawa Ta Zo Bikona

Har gobe ban manta da ranar da tsohuwa ta zo bikona a bainar jama'a ba, ni ƙato da gemuna. Ku yaran asibiti na yanzu kuna kukan an yanke muku kuɗin zagayen duba marasa lafiya, to ku matso ku ji namu.

A shekarun nan ne na gab da samun mulkin kai. Ina diresa a ƙaramin asibitin Kiru, wato mai wanke ciwo da ɗaure shi, a ƙarƙashin dispensa mai ba da magani. Kowane mako nakan hau keken aiki in tafi rangadi ƙauyen Ba'awa, in bi tsofaffin da ba sa iya fita gida gida.

Cikinsu akwai Iya Tabawa mai daddawa. Gyambo ne a ƙwaurinta, ya shekara da shekaru yana cin ta. Da yake sa'ar kakata ce, sai ta ɗora mini wasan jika, ba ta kirana sai "Maigida". Ina yin sallama za ta ce, "Ga mijin nawa nan, kullum hannu rabbana, sai ruwan zafi da auduga!" Da wanki da ɗauri, ciwon nan da ya kai faɗin tafin hannu ya dawo bai fi bakin ludayi ba.

Ana tsakiyar damina umarni ya zo daga birni: kuɗi sun yi kaɗan, an soke rangadi, a mayar da keke, mai son magani ya zo Kiru da ƙafarsa. Wace ƙafar? Ga rafi ya cika, ga tsufa. Wallahi raina ya ɓaci, don na san in gyambon nan ya koma baya, ƙarshensa yanke ƙafa a birni.

Bayan 'yan makonni mai duba asibitoci ya zo, wani Malam Babba, mutumin da ko gaisuwa da gira yake amsawa. Ranar kasuwa ce. Yana cikin duba kwalabe sai muka ji gangar noma. Muka leƙa, sai ga samarin Ba'awa jiƙe sharkaf har ƙugu, ga mai unguwarsu, ga Iya Tabawa a kan jaki ta sha ɗaurin kallabi.

Ta nuna ni da sanda ta ce, "Jama'a ku shaida, mijina ya yi yaji, na zo biko!"

Kasuwa ta ɗauki shewa. Ni kam na rasa inda zan sa kaina. Ta juya wajen Malam Babba ta ce, "Kai ne waliyyinsa? To a ba ni abina."

Ya murtuke ya ce, "Diresa, buɗe ƙafar."

Na warware tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi. Ciwo ya dawo ɗanye, har ya fara wari. Nan dariya ta ɗauke. Malam Babba ya daɗe yana kallo, sannan ya rage murya ya ce, "Iya, ba ni na yanke kuɗin rangadi ba, kuma ba ni da ikon dawo da shi."

Ta ce, "Wa ya tambaye ka kuɗi, ɗan nan? Miji na tambaye ka."

Mai unguwa ya matso ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun san ranar hutunsa yake noman gonarsa. In zai ba mu ranar, mu za mu yi masa gayya, noma da girbi duk namu ne. Jakin nan kuma ya zama kekensa."

Sai na ga gefen bakin Malam Babba yana rawa, murmushi na neman kuɓuce masa. Ya ce, "Doka ta hana fita da keken aiki. Ban ga inda ta hana mutum zuwa gidan matarsa ran hutu ba. Kuma tunda ta taka asibitin nan, ta zama majinyaciyar Kiru, hakkinta ne a fitar mata da bandeji da magani." Ya dube ni. "Ko kana da ja, ango?"

Na ce, "Ni wa, ranka ya daɗe?"

Mai ganga ya saki kiɗa, Iya ta rangaɗa guɗa a kan jaki. Kasuwar da ta zagayo aka kwaso sauran tsofaffin su ma suka taka asibiti. Shekarar nan ban ƙara taɓa fartanya ba, amma ban taɓa cika rumbu irin nata ba.

Da kaka ta yi, wata safiya ina shara a asibiti sai na ji an ce, "Maigida!" Na ɗaga kai. Iya Tabawa ce, ba jaki, ba sanda, da ƙwaryar daddawa a ka. Ta ɗage zane ta nuna mini tabo busasshe, ta ce, "Da ƙafata na zo. Yanzu sai ka sake ni, ka je ka nemi wata mai gyambon."

Ina dariya, hawaye na zuba.

Don haka in an yanke muku kuɗi, ku yi ta kuka har a ji a birni, hakkinku ne, mu ma mun yi. Amma kada ku ɗauke ƙafa daga gidajen tsofaffin nan. Ni dai an ƙwace mini keke, mutanen Ba'awa suka ba ni jaki da gangar noma, Iya kuma ta tafi kabarinta da ƙafafunta biyu.