Tari a Ɗakin Citta

Ni ba mai haƙurin tatsuniya ba ce, gara in faɗa tun farko. Tun ina ƙarama, da an fara labari so nake a kai ƙarshe kowa ya tashi. Amma a gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Kafanchan da Kwoi, ba a tambayar ra'ayin yaro. Lokacin haƙar citta, da an gama tuwon yamma, Kaka za ta hura wuta a tsakar gida, a juye buhun ɗanyar citta, kowa ya ɗauki wuƙarsa. Tsagawa ake yi gida biyu, don a shanya a kan dutse washegari. Hannu na raɗaɗi, ido na ruwa. Labari shi ne ladan aikin.

Kaka uwar babana ce. Idan za ta fara, sai ta buga ƙotar wuƙa sau uku a jikin turmi ta ce, "Baki ya huta, hannu kada ya huta." Daga nan doka ce: ba mai tashi, ba mai magana, sai ta gama. Yaran maƙwabta ma sun san wannan, don a gindin turmin nan duk suka girma.

Labarin da aka fi roƙo shi ne na yarinyar kogo. A zamanin kakannin kakanninmu, in ji ta, mahara kan zo a kan dawakai daga arewa bayan girbi, su ƙone rumbuna, su ɗaure mutane da igiya ɗaya a wuya, su kora su kasuwa kamar awaki. Wata yarinya ta kuɓuce daga igiyar, ta kwana uku a kogo, sannan ta hau dutse ta tarar da sauran danginta. A wurin kogon akwai waƙa da yarenmu, Kaka ta bayar, mu kuma mu amsa da ƙarfi: dutse rufe ni, kada doki ya gan ni. In ta gama sai ta jefa ɓawon citta a wuta ta ce, "Kowa ya san wanda ya ɗaure kakarsa."

Ba ta taɓa kiran sunan kowa ba. Mu dai mun san su wa ake nufi. Bitrus, ɗan wan babana, shi ya fi kowa son labarin. Yana ji yana cizon leɓe.

Ina da shekara goma sha ɗaya rikici ya ɓarke a Kafanchan. Kada a tambaye ni wanne, sun yi yawan da ni kaina nake haɗa su. Da safen ranar Hajara ta zo gidanmu. Bahaushiya ce mai sayen citta, ta fi shekara ashirin tana zuwa wurin Kaka, suna ciniki suna zagin juna suna dariya. Ta zo da 'yarta Binta, 'yar shekara uku, mura ta kama ta. Kafin azahar hanya ta rufe. Da la'asar labari ya iso cewa an jawo Ishaya, ƙanen Bitrus, daga kan mashin ɗin acaɓarsa a wajen unguwar su Hajara, an kashe shi. Babana da sauran manya suka tafi neman gawa.

Kaka ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta kama hannun Hajara ta tura ta ɗakin da muke tara busasshiyar citta, ita da yarinyar, bayan buhuna, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo. Wanda ya taɓa shiga irin ɗakin nan ya san ƙurarsa. Babba ma sai ya yi tari.

Da rana ta faɗi sai na ga tana hura wuta. Na ce, "Kaka, yau ma? An kashe Ishaya fa!"

Ta ce, "Gidan da ba wuta shi ake leƙawa. Ɗauki wuƙarki."

Ba mu tsaga rabin kwano ba Bitrus ya shigo da samari huɗu. Adduna a hannu, ɗaya riƙe da jarkar fetur. Idon Bitrus ya kumbura, muryarsa ta dushe.

"Kaka, an ce Hajara ta shigo nan da safe."

"Ta zo, ta auna, ta tafi."

Mai jarkar ya nuna ɗakin da haɓa. "To wannan kwaɗon fa, Mama? Bari mu duba, ba komai."

Kaka ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗaga wuƙa ta buga turmi. Ɗaya. Biyu. Uku.

Har yau ina mamakin abin nan. Ƙarti biyar da makamai, suka tsaya cak kamar 'yan firamare. Bitrus ya zube a kan ɗan kututturen da yake zama tun yana yaro, addar a cinyarsa. Sauran suka tsuguna. Bitrus ya ce, "Kaka, ba mu labarin maharan."

Ta fara. Dawakai sun shigo gari, rumbuna sun kama wuta. Ba a ma kai ga ɗaure igiya ba na ji shi daga bayan ƙofar: tari, ƙarami, an toshe shi da hannu. Nan take Kaka ta ɗaga murya ta ba da waƙa.

Ni kuma da bakina da ba ya jira na ce, "Kaka, ai ba a kai kogo ba tukuna!"

Kallon da ta yi mini, har yanzu ban manta shi ba. Ta ce, "Laraba, ke ce kakar ko ni?" Ɗaya daga cikin samarin ya yi 'yar dariya. Sai a lokacin na gane abin da na kusa yi. Na amsa waƙar da duk ƙarfina, ƙannena suka bi, har samarin suka bi. Sau huɗu ta ba da waƙar nan a daren, duk inda tarin ya taso.

Da ta kai wurin kuɓucewar yarinyar sai ta tsaya. Ta ce, "Kun taɓa tambaya wa ya yanke igiyar?"

Ba wanda ya taɓa. Ta ce a zangon da maharan suka kwana akwai matar ɗayansu, ita ke musu girki. Ta ga yarinyar tana rawar sanyi. Da wuƙar girkinta ta yanke igiyar, ta cusa ta ƙarƙashin tulin fatu, ta zauna a kai. Mijinta ya zo da bulala yana nema, ta ce ba ta ga kowa ba. Ya doke ta, ba ta tashi ba. Kafin gari ya waye ta nuna wa yarinyar hanyar kogo.

Bitrus ya ce, "Ba haka labarin yake ba."

"Haka yake. Ni na rage shi. Yarinyar nan ita ta haifi kakata. Ba don matar nan ba, babu ni, babu ubanka, babu kai." Ta ajiye wuƙar. "Babu Ishayan da za mu binne gobe."

Sai tarin ya zo. A fili, sau uku, ba waƙa a kansa. Kowa ya ji. Mai jarkar ya miƙe.

Ban yi tunani ba. Na dafe ƙirji na kama tari kamar zan amayar da hanjina. Ƙarya ce da ko akuya ba za ta yarda da ita ba, don tarin daga gabas ya fito, ni kuma ina yamma. Bitrus ya dubi ƙofar. Ya dubi Kaka. Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Laraba, je ki sha ruwa. Citta ne." Ya tashi ya ce da sauran, "Ba kowa a nan. Mu je."

Inda suka nufa daga nan ban sani ba, kuma ba zan mai da shi waliyyi ba. Na dai san da safe Hajara ta fita daga gidanmu ɗaure da zanen zumuntar matan coci na Kaka, Binta a goye, ta hau motar sojoji. Ba ta sake zuwa sayen citta ba. Zanen ta aiko da shi a wanke, a ninke.

A sakandare na nemi labarinmu a littattafai. Hare-haren da suka kora mutanenmu kan duwatsu layi biyu aka ba su. Ishaya ko layi ɗaya bai samu ba. Sai na gane tarihin da yake sa mutum ya ɗauki adda ba a aji ake koyonsa ba, a bakin wuta ne. Na tabbata a unguwar su Hajara ma akwai tsohuwa mai nata rabin labarin, da nata gawawwakin, kuma su ma na gaske ne.

Kafin Kaka ta rasu na tambaye ta kai tsaye, "Matar nan, ƙirƙiro ta kika yi don ki ceci ƙawarki?"

Ta ce, "Daga bakin kakata na ji ta. Na cire ta ne a shekarar da aka fara ƙone mana coci, don ina fushi. Na yi ta ciyar da ku rabin labari, sai ga rabin ya shigo gidana da fetur."

Yanzu in na je gida lokacin citta, ni ke buga turmin. 'Ya'yan Bitrus su ne a gaba, kuma sun gado rashin haƙurina. "Anti, kai mu wurin dawakai!" Ina kai su, ba na ɓoye musu igiya ko wuta, don an yi su. Amma ba daga nan nake farawa ba. Daga matar nake farawa, da wuƙar girkinta. Wani lokaci Bitrus yana bakin ƙofa yana gyaran mashin, yana ji. Bai taɓa ce mini ba haka labarin yake ba.