Baba Shuɗi da Ruwan da Bai Taɓa Gani Ba

Baba Shuɗi mai fenti ne, kuma abu ɗaya ya iya zanawa da kyau: ruwa yana gangarowa daga kan dutse, bishiya a kowane gefe, farin tsuntsu a sama. Babu shagon aski ko na ɗinki a layin kasuwa da ba a ga wannan ruwa a bangonsa. Shi kuwa mai zanen, babban ruwan da ya sani shi ne kwatar bayan gidansu in damina ta kankama. A jikin wata tsohuwar kalanda ya ga hoton tun yana saurayi, ya kwafa, hannu ya riƙe. Shuɗin da aka laƙaba masa ma ba wani asiri ba ne, fentin da ke ragowa ne in ya gama shafe ƙofofin makaranta.

Wata rana wata Hajiya mai gidan nuna zane-zane ta kawo ɗinki wajen wani tela a layin. Ta ɗaga ido ta ga bango, ta manta da telan. Aka nemo Baba Shuɗi, ya zo hannu duk fenti.

"Baba," in ji ta, "me ruwan nan yake faɗa maka in kana zana shi?"

Ya duba ya ga in ya ce babu komai, aiki ya wuce shi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ba kowace magana ake faɗa ba."

Hajiya ta dafe ƙirji. Shi ke nan, kakarsa ta yanke saƙa.

Aka ba shi alluna ya cika su da ruwa, aka rataye a wani farin ɗaki mai sanyi, ana sakin ƙarar ruwa ta lasifika. Masu kallo suna raɗa kamar sun zo ta'aziyya. An manna bayani a bango cewa kurwar kogin kakanninsa ce ke bin hannunsa, alhali kakannin nasa maƙera ne, da wuta suka saba. Bai musa ba. Ya koyi jan magana da lumshe ido. Da wani ɗan jarida ya tambaye shi ma'anar tsuntsun, ya ce kakarsa ce ke kawo masa ziyara. Da ya faɗa sau da yawa, har idonsa ya fara kawo ƙwalla.

A gida ne kawai kasuwar ba ta ci ba. Ya zauna a tsakar gida ido a rufe, matarsa ta dire bokiti a gabansa.

"Malam, tunda kuna hira da ruwa, ka tambaye shi yaushe zai dawo famfonmu. Kafin ya amsa, ga bokiti."

Ana nan sai Hajiya ta ce za a ɗauki fim ɗinsa a gaban magangarar ruwa ta gaske. Bai sami hanyar zillewa ba. Aka yi doguwar tafiya a mota, tun daga nesa ya ji rugugi. Da suka isa ya tsaya baki buɗe. Ruwan ja ne kamar an dama ƙasa, yana tafe da ledoji da karan masara. Mata na wanki a gefe, wani yana wanke babur. Tsuntsu kuwa ko na magani. Aka ce ya tuɓe takalmi ya taka ruwan, sai ya cafke rigar direba.

"Wannan ai ba daidai aka yi shi ba," in ji shi.

Amma da masu kyamara suka tafi cin abinci, ya zauna a kan dutse shi kaɗai, feshin yana jiƙa masa gemu. Ya daɗe yana kallo. Tsoro ya sake shi, wani abu da bai san sunansa ba ya kama shi. Ranar ya yi shiru na gaske, ba mai ɗauka.

Ya dawo ya kulle kansa a shagonsa, ya zana abin da ya gani: jan ruwa, kumfa, ledoji, har mai babur. Tunda yake bai taɓa wahala a kan aiki haka ba, bai kuma taɓa jin daɗin aiki haka ba. Ya kai wa Hajiya da kansa.

Ta duba, ta cire tabarau. "Haba Baba, ina kurwar ta tafi? Wannan ai ko ni na gani da idona."

Ya kai wa wani mai aski, shi kuma ya ce ya rufa masa asiri, kada ya jawo masa ambaliya cikin shago.

Baba Shuɗi ba mai jayayya da abincinsa ba ne. Ya koma wa shuɗinsa, ana saye, ana gayyatarsa taro, yana lumshe ido yadda ake so. Allon jan ruwan ya yi ta yawo a gida har matarsa ta gano ya yi daidai da bakin duro, ta mai da shi murfi. In ya zo ɗiban ruwan alwala yakan ɗaga shi ya ɗan tsaya yana dubawa, sai ta yi masa magana ya rufe kada ƙura ta shiga.