Fassarar Altine ta Ƙarshe

Ina kasuwar Goronyo da hantsi, ina tura wa wani mai albasa fina-finai a waya, sai ƙanen matar Altine ya kira ni. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Nasiru, an ishe Yayanka. Bakin hanyar Maikujera anka yas da shi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ranar da ya hau babur ya nufi daji nake jiran wannan kira. Mai albasar ya zaunar da ni a kan buhunsa.

Malam Altine mai fassarar fim ne a Rabah. Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba, aiki ne ya sa nake ce masa Yaya. Ni ke riƙe da kwamfuta, shi ke ɗora murya. Kuma bari in faɗi gaskiya, tunda ba ya nan balle ya musa: ba ya jin Turanci, ba ya jin Indiyanci, Sinanci kuwa ko gaisuwa. Hausa ce kawai da ɗan Fillancin cinikin nono. In na tsokane shi sai ya ce, "Mi za ni yi da abin da sunka ce? Ni huskassu nika dubi."

Fina-finan da yake ƙauna babu mai son su sai shi. Tsofaffin fina-finan barkwanci ne, wasu ko magana babu. Akwai wanda mutum ya saɓa ƙyauren ɗaki yana yawo da shi a birni tun daga farko har ƙarshe, ba a taɓa faɗin dalili ba. Akwai na wani tsoho da ya yi ta neman mai wata akuya don ya mayar masa, akuyar kuwa tana cinye masa kaya ɗaya bayan ɗaya. In ya saka irinsu a rumfar kallonmu, kafin a yi nisa bencina sun zama wayam, daga shi yana share hawayen dariya sai ni ina cika ina batsewa saboda man janareto. Amsarsa ba ta canzawa: "Bari su tai. Wawan him bai taɓa kashe kowa ba, jarumi ad da wanga aiki."

Mutane kuwa fim ɗin harbi suke so, har lokacin da harbin ya baro fim ya shigo ƙauyukanmu. Wata rana da la'asar muna nuna irin wannan, sai wani bawan Allah da ɓarayin daji suka kashe wa 'ya'ya ya ji ƙarar bindiga daga lasifika. Ya miƙe a firgice, ya ture benci, ya faɗi bakin ƙofa yana amai. Altine ya kashe kallon, ya wanke wa mutumin fuska da hannunsa. Daga ranar ya sa na riƙa cire ƙarar bindiga daga kowane fim, shi kuma ya sake wa mayaƙan magana. Ƙarti biyu sun auna juna da bindiga, amma a bakin Altine gardama suke yi kan jakin wane ne ya shiga fadamar albasa. Shugaban 'yan ta'adda yana zare ido, ashe cigiyar ludayin furarsa yake yi. Mutanen da suka daɗe ba su yi dariya ba suka riƙa yin ta har da riƙe ciki. Fassarar ta bi wayoyi ta kai Wurno, ta kai Goronyo, ta kuma kai inda ba mu so ba.

Wani ɗan kabu-kabu ne ya kawo saƙon, bayansa duk shatar bulala, kunnensa ɗaya a tsage. Ɓarayin sun tare shi sun ba shi memori. Suka ce maigidansu na son fassarar Altine, ga nasu fim ɗin, ya ɗora masa murya yadda za su sha dariya. In bai yi ba, sun san gidansa. In memorin bai koma ba, sun san ƙauyen ɗan kabu-kabun.

Muka rufe shago muka kunna. Harin da suka kai wani ƙauye ne bayan Maikujera, da rana tsaka, su da kansu suka ɗauka. Rumbuna na ci da wuta. An harbe mutane a bakin rijiya, guga na hannun ɗayansu. An sare wani dattijo a ƙofar masallaci, mai riƙe da wayar yana ƙyalƙyala dariya. Sai ga wani mutum ya fito a guje da takalmi ƙafa ɗaya. Ya tsaya, ya koma ɗaukar ɗayan, ya yi tuntuɓe da turmi ya wuntsila, ya tashi ya gyara hularsa. A nan harsashi ya same shi a baya. Malam Jabbi ne, mai ɗinkin hula, wanda ke zuwa rumfarmu duk ranar kasuwa.

Altine ya sa na maimaita wurin. Da ya sake kallo sai ya ce, "Nasiru, ka san mi ab ban tsoro? Na san abin da za ni sa mishi ga baki. Ya riga ya zo min. Kuma in nif faɗe shi, kai ma sai ka yi dariya."

Na ce masa, "To ka faɗa, Yaya. Matattu ba su ji, ɗiyanka kuwa suna jin yunwa." Na yi masa faɗa, na roƙe shi, na ce mu gudu Sakkwato. Ya tambaye ni, in mun gudu, wa zai biya in ba ƙauyen ɗan kabu-kabun ba? Har yau ban ga laifina ba a abin da na faɗa. Ina son sa da rai ne.

Bai kwana a kan maganata ba. Ya tafi makarantar da 'yan gudun hijirar ƙauyen suke zaune, ya yi ta kwatanta musu riga da kama har ya san sunan duk wanda ya faɗi a hoton. Ya dawo ya ce in kunna. Muryar nan da ta iya zama ta jaki, ta tsohuwa, ta ɗan sanda, ranar ta fito ita kaɗai ba ado. Duk wanda aka harba sai ya kira sunansa, ya faɗi sana'arsa da waɗanda ya bari, ya roƙa masa gafara. Ban taɓa jin ya yi aiki a natse kamar wannan ba.

Ya kai matarsa Hajara da yara Wurno gidan iyayenta. Ya hana ɗan kabu-kabun komawa, ya ce, "Kai ka sha naka kashi." Ya ari babur ɗin mutumin ya tafi mayar musu da memorin da kansa.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. An ɗaure hannuwansa ta baya har igiya ta nutse a nama. Harsashi ɗaya ne a ƙirjinsa, amma kafin shi sun farfasa masa baki da gindin bindiga, babu haƙori ko ɗaya a gaba. Na tsane su, kuma ba zan ɓoye ba. Ban iya gama wankan ba, liman ne ya karɓe ni.

Ranar addu'ar uku wata mata ta aiko a kira ni zaure. Matar Malam Jabbi ce. Ta ce, "Ɗana, an ce kai ad da him ɗin." Na ce yana wurina, amma ba zan nuna mata ba ko za ta tsine mini. Ta ce, "Ba gani nika so ba. An ce ya kira sunan maigidana."

Na kifa wayar a kan tabarma, na kunna mata sautin kawai. Muryar Altine ta cika zauren: "Wanga Malam Jabbi na, mai ɗinkin hula. Ya bar mata da ɗiya. Allah shi gahwarta mishi, shi karɓi shahadatai." Ta ce in sake, na sake. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Mun gudu ba mu yi mishi salla ba. Ashe wani ya tsaya mishi wurin da yah hwaɗi."

Allah ya jiƙan Malam Altine, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabari. Allah ya ba Hajara haƙuri, ya raya marayunsa cikin aminci, ya tsaya musu inda mu ba za mu iya ba. Allah ya kawo ƙarshen wannan zubar da jini a ƙasarmu. Ya Ubangiji, ka san maganar da ta zo bakinsa a ranar, ka kuma san ya haɗiye ta alhali ita ce za ta cece shi. Ka tashe shi tare da waɗanda ya ƙi yi wa dariya. Amin.